Sunan Yanka

A Mai Wurno, bayan la'asar,
in makarantar gwamnati ta sako su
bakinsu cike da Larabci,
nakan tara su a zauren kawuna
gaban allon da na shafe da baƙin batir.

Yau darasin suna.
Na ce iri biyu ne.
Akwai gama-gari, randar ƙofar masallaci ke nan,
duk wanda ya zo ya ɗiba:
yaro, akuya, gari, kwalekwale.
Akwai kuma sunan yanka,
wanda rago ya kwanta dominsa,
aka raɗa shi a kunne ɗaya tak.
Shi ake sa wa babban baƙi.

Suka dubi juna.
A karatunsu na safe
babu baƙin da ke miƙewa don wani ya shigo.

Bashari ya ɗaga hannu, da dariya a kumatu:
Malam, jakin babana fa? Gagarau muke ce masa,
kuma ko kaza ba a yanka ba.
Yana amsawa? na tambaya.
In ya ga dama.
To ba shi babban baƙinsa, haƙƙinsa ne.

Na rubuta kogi da ƙaramin k.
Sittana ta ɓata rai.
Kogi nawa ne a duniya, Malam?
Mu dai ɗaya muka sani, ga shi can bayan gonar albasa.
Wa ya taɓa cewa za shi Nilu wanki?
Na ce da yawa suke, har da waɗanda suka fi shi faɗi.
Ba ta yarda ba. Ta rubuta dai, don ni.

Sai Mastura, wadda ba ta magana sai an tono ta,
ta karɓi alli ta tafi can gefen allo
ta rubuta Gida.
G ɗin ya kusa kai tafin hannuna.

Kuskure ne, suka ce baki ɗaya, gida ai gama-gari ne,
kowa da nasa!

Ta ce, ba na kakata ba.
In Tabawa ta ce gida, ba ɗakinta take nufi ba.
Yamma take juyawa.
Ba ta taɓa ganinsa ba,
a hanya aka haife ta, ana tafiya Makka a ƙasa,
auduga ta tsayar da su nan.
Amma ta san inda rijiyar take,
ta san tsamiyar da ke ƙofar.
Guda ɗaya ne, Malam. Babu wani.

Tsumman gogewa na hannuna.
Shekara goma sha ɗaya ina wannan darasi,
na san abin da littafi ya ce.

Ladan ya kira magariba,
suka watse suna neman takalma,
Gagarau na kuka a bayan danga.
Na goge yaro, na goge akuya,
na goge gari da kogi da kwalekwale.
Na ja ƙyaure.