Mai Faci a Asibitin Garwa

Shekara goma sha tara ina faci
a gindin dalbejiya, kan hanyar gadar Binuwai.
In taya ta sace ba na tambayar kowa:
in hura tib, in tsoma a daro,
inda kumfa ya taso, nan ɓarawon yake.

Ran Laraba Lantana ta sauka.
'Ya mace, gashi kwance luf.
Ta kama nono, ta ja sau uku, ta saki,
goshinta na zufa kamar mai dakan gero.
Da ta yi kuka leɓenta ya rine,
faratanta kamar ta wuni a marina.
Gwaggo ta ce sanyi ne, a ƙara zane.
An ƙara. Shuɗin bai tafi ba.

Madam Jebba ta maƙala mata jan haske a yatsan ƙafa.
Lamba ta fito: saba'in da takwas.
Na ce ai ta ci jarrabawa.
Ba ta yi dariya ba.
Ta ce lafiyayye casa'in da biyar yake haurawa.

Likita ya zana zuciya a bayan takardar magani,
ɗaki huɗu, kamar gidan haya.
Nan bango ya huje, nan hanyar huhu ta tsuke.
Jinin da ya dawo a gajiye, bai sha iska ba,
sai ya ratsa ta kafar,
ya sake zaga jiki da ƙishinsa.
Ya faɗa da Faransanci,
aka juya min da Fulatanci,
na kai wa Lantana da Hausa.
Kowane harshe ya rage wani abu, ban da ramin.

Na ce yaya faɗinsa?
Ya ce ƙwayar gyaɗa.
Ni da na toshe wanda ƙusar kafinta ta yi!
Na dubi hannuwana, baƙi ƙirin da gam,
na ɓoye su a aljihu.

Masu wannan facin suna kudu, in ji shi,
sai mota, sai jirgin ƙasa daga Ngaundare,
sai sefa da ban taɓa ƙirga irinta ba.
Jiya na sa injin iskata a kasuwa.

Yau kwana bakwai.
Liman ya raɗa suna a gefen tulun iska: Sakina.
Da aka watse na ɗora kunne a ƙirjinta.
Tsakanin bugu da bugu akwai wani shuu siriri.
Na san wannan sautin.
Babu daron da zan tsoma ta.