Gaba Talatin

Na sauka Yelwa da hutun kwana goma sha huɗu,
jakata na warin gishiri da baƙin mai.
Baba Kakale na bakin Kuwara, ƙafa ɗaya cikin ruwa,
yana ɗinkin taru, zare a baki.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Arzika, ka rame."
Can ya ce, "Zauna. Yaya ruwan naku yake?"

Na ce, Baba, can gaba da Fatakwal ne,
inda ƙasa ke ƙarewa ba ko sallama.
Injiniyoyi na ce da wurin ruwa marar zurfi.
Ya ce, "Gaba nawa?"
Na ce, talatin.
Dariya ta zubar da zaren daga bakinsa.
"Gorata gaba uku ce, da ita na ciyar da ku tara.
Duk mai ce wa talatin marar zurfi
bai taɓa laluben ɗan'uwansa a ƙasan ruwa ba."

Na ce, da fari wani jirgi ne ya zo
yana ƙwanƙwasa ƙasan teku yana kasa kunne,
kamar mace mai sayen tukunya ranar kasuwa.
Wata shida suna sauraron laka.
Sannan aka jawo gida mai ƙafa uku,
ya miƙa ƙafafun har suka taka ƙasa,
ya ɗage cikinsa sama da igiyar ruwa
kamar zalɓe mai ƙyamar jiƙa gashi.
Nan muke ci, nan muke kwana,
alƙibla ma sai an tambayi mai na'ura.
Ni walda ce tawa: bututu da bututu,
in haɗa bakinsu su daina musu,
don abin da zai bi ta cikinsu ba ya yafe kuskure.

Ranar da haƙa ta kai ga man, ba wanda ya rangaɗa guɗa.
Wani ya dubi allurar agogo, ya gyaɗa kai.
Aka kunna wuta a kan dogon ƙarfe,
tun ranar dare bai sake yi mana duhu sosai ba.
Kifi ya tare a inuwar ƙafafunmu.
Masuntan wurin kan zo da asuba,
jirgin tsaro ya kora su. Mita ɗari biyar, in ji doka.
Wani tsoho cikinsu ya ɗaga mini filafili,
ban sani ba, gaisuwa ce ko Allah ya isa.
Hannunsa irin naka ne, Baba.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya nuna tsakiyar ruwa da haɓa.
"Ka ga inda kainuwa ke juyi? Gungunmu ke nan.
Rumbun kakanka, da tsamiyar da aka binne cibiyata.
Shekarar da aka datse Kainji,
su ma da na'ura suka zo, da hula, da ladabi.
Suka auna, suka rubuta, suka ce wuta za a samu.
Gaba shida kacal,
amma har yau ban sami gorar da za ta kai ni gida ba."

Magariba ta matso.
Ya aiki Nomau da kwalba biyu wurin mai fetur,
ya ƙirga kuɗin, ya sake ƙirgawa,
ya ce a sayo ɗaya tukuna.
Da aka kawo, ya ɗaga ta ga sauran rana,
ja-ja-ja, kamar shayin da bai ji ganye ba.
"Wannan naku ne?"
Na ce, wa ya sani, Baba.
Ya shinshina, ya juye a tanki, bai bar ɗigo ba.

"In ka koma, ka ga tsohon nan,
ajiye wutar hannunka ka ɗaga masa hannu.
Ko bai ji Hausa ba, ce masa wani a Yawuri na gaishe shi."

Ya ja igiyar injin sau uku, bai tashi ba.
A na huɗu ya miƙo mini.