Harafin da Ya Yi Nawa

Jikana sunansa Ramiro,
amma in ka tambaye shi, Lamilo ne.
Shekara biyar ba wata uku,
harafin farkon sunansa bai amsa masa sallama ba.

Nan Dalcahue ruwan sama ba ya hutun Lahadi.
Ina rumfa ina gyaran injin kwalekwale,
yana miƙo mini sifana,
yana ba ni labarin wani baƙin gashi
da ya yi masa haushi a bakin kasuwar kifi.
Perro yake nufi, kare.
Pelo ya ce, gashi.
Na yi dariya har na ƙware.
Da na ɗago, ƙeyarsa na gani.
Kwana biyu rumfar ba hira, sai ɗigar kwano.

Ran Alhamis malama Herminia ta tsallako a jirgin fito,
ɗan madubi a jaka, da kwalbar zuma.
Ta ce, "Don Evaristo, wannan harafin auta ne,
sai yayyensa sun zauna yake shigowa.
Kar ka ce masa sake faɗi.
In ya ce pelo, ka ce ƙwarai, perro ne ƙato, ka wuce.
Bar kunne ya ɗiba, harshe zai biya."
Ta ɗiga zuma a dasashi, bayan haƙoran sama:
"Ga ƙofar nan. Aiki harshenka ya ƙwanƙwasa."

Kunya ta kama ni.
Shekara arba'in ina kasa kunne ga inji mai tari,
ban taɓa yi wa ko ɗaya dariya ba.

Muka duƙufa.
Tada, tada, tada, gaban madubin askina,
hancinsa yana barin tabo a gilashi.
Mun yi babur, mun yi mage mai gurnani.
Wata rana yawu kawai muke samu.
Wata rana ya ce bakinsa ya tafi barci,
sai mu ƙyale shi ya yi barcinsa,
mu tafi tonon dankali.

A watan Yuli, sanyi har cikin ɓargo,
ina fama da tsohon injin Baldomero.
Na ja igiya, shiru.
Na ja, shiru.
Na ja na uku, sai na ji rrrrr,
gajere, mai rawa, kamar tsuntsu ya karkaɗe ruwa.
Na dafa injin. Sanyi ƙalau.

Ban waiwaya ba.
Na cije leɓe, na ce, "Miƙo mini lamba goma."
Ya miƙo, hannunsa ɗaya a kan bakinsa
kamar mai tsoron kada abin ya tsere.

Da dare uwarsa ta ce wa zai ci miyar kifi.
Ya ɗaga cokali: "Lamilo!"
Ba komai.
Injin da ya yi tari sau ɗaya, na san halinsa.