Kwalbar Layin Ƙasa

Albashi bai shigo ba, ga Arzika ya iso,
shekara tara rabonmu, tun ran da ya bi motar Agadas.
Kulu ta ce a yanka zabo. Na ce a yanka.
Amma ƙanen da ya ƙetare teku ya dawo da ransa
ba a tarbarsa da ruwan randa kawai.

Na hau kabu-kabu daga Mabera zuwa Gawon Nama,
shagon Hali, mai sanyi kamar ɗakin tiyata.
Kwalabe sahu-sahu, kowace da zinariya a wuya.
Ta sama dubu goma sha biyu, ban ko taɓa ta ba.
Ta tsakiya takwas,
na yi mata kallon da ake yi wa motar maƙwabci.
Sai na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara,
can ƙasa, daura da sabulun wanki,
ga wata ja, takardarta ta ɗan yage a gefe.
Dubu uku da ɗari biyu.

Hali, wagga fa?
Ya ce ruwan inabi ne daga Sifaniya,
babu ɗigon giya ciki, karanta da kanka.
Na karanta, na sa tabarau na sake karantawa,
don a garin nan ba a wasa da wannan magana.
To mi ya sa ta faɗi haka?
Ya ce ba ta da suna, Malam.
Na sama, suna kake saye.

Na ɗauko ta a baƙar leda,
rana na narka kwalta,
zuciya na ta yi mini gori: araha ba ta ado.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma gindin dogonyaro.
Na tsiyaya. Ya fi zoɓo duhu,
jan fatar akuya da ta kwana a majema.

Arzika bai sha ba.
Ya juya kwalbar, ya bi ƙananan rubutu da yatsa,
yatsan da ban lura ba sai yanzu
farcensa ya tsage, bai sake haɗewa ba.
Ya kira sunan wani gari da harshen da ban san yana da shi ba.
Ya yi dariya, gajera.

Ya ce Yaya, kaka huɗu na yi a gonakin yankin nan.
Almakashi a hannu, fitila a goshi,
mu shiga tun taurari ba su koma gida ba.
Kwando ake ƙirgawa, ba a ƙirga baya.
Mu shida ɗaki guda,
ɗan Mali guda yana kiran salla a hankali don kada mai gida ya farka.
Kuma ban taɓa sayen kwalba ba a can. Ko ɗaya.

Nawa ka biya?
Na so in ƙara dubu biyu don kunya,
sai gaskiya ta riga ni fita.
Ya yi lissafi da leɓe, idonsa a kan ganye.

Sannan ya kurɓa.
Ni ma na kurɓa: zaƙi ya fara sallama,
tsami ya biyo shi kamar an jiƙa tsamiya,
can ƙarshen harshe wani ɗan bauri irin na goro
ya zauna, ya ƙi tashi.

Ya ce ka yi ciniki.
Rana guda ta dafa su, ta sama da ta ƙasa,
hannu guda ya tsinke su.
Ƙara mini.

Na ƙara masa har ta ƙare, ni ban sake sha ba.
Har yau ban tantance ba
ko riba na ci, ko bashi na ɗauko.

Kulu ta wanke kwalbar ta zuba man gyaɗa.
Tana nan kusa da murhu, takardar ta fita,
sai ɗan gam da ya ƙi ruwa.