Ɓarauniyar Hanya

Shekara talatin ina buɗe wa auduga ruwa a Jazira.
Na san kukan kwata idan ta toshe,
na san inda gafiya ta huda gaɓa
tun ƙasa ba ta nuna damshi ba.
Sai ga ƙafafuna sun fara yi mini gardama.
Ta hagu ce ta fara, kamar an ɗura mata rairayi,
fitsari ma ya daina jin maganata.
An yi tsaga, an yi ƙaho, an shafa man riɗi,
Hansatu ta sayar da awaki biyu da zoben uwarta
muka hau motar Wad Madani.

Ranar aikin ban ga komai ba.
Ina rub da ciki, bayana a buɗe, ni ina wata duniya.
Sai kwana uku Dakta Ihlas ta jawo kujera,
ta ce, Baba Nomau, zo ka ga gonarka.

Allon baƙi ƙirin.
Ta ce a nan muka rage fitila,
muka zuba rini ta jijiyar hannunka,
kore ne a kwalba, amma jira.
Na jira, kamar mai sauraron ruwa daga Sinnar.

Sai fari ya keto.
Siririn zare, ya bi hanyarsa tiryan-tiryan,
can kuma ya yi tsalle
ya faɗa wata jijiya da lokacinta bai yi ba,
ta kumbura, ta nannaɗe kan lakata kamar kububuwa.
Na ce tsaya!
Ai wannan ɓarauniyar hanya ce.
Haka Ɗan Bagobiri ya yi mana shekarar fari,
ya fasa gaɓa da dare, gonarsa ta jiƙe har ta ruɓe,
na ƙasa suna kallon sama.

Ta yi dariya har gyalenta ya zame.
Ta nuna ɗan ƙarfe, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba,
ya ciji wurin.
Suka sake zuba rinin.
Fari ya zo, ya iso bakin ɓarakar, ya tsaya,
ya juya ya bi layi kamar kowa.

Har yau ƙafar hagu ba ta gama huce fushi ba.
Amma jiya da asuba babban yatsa ya motsa,
Hansatu ta gani, ta ajiye butar shayi ba ta ce komai ba.
Na roƙi likita ta sake kunna mini.
Wurin da ruwan ya juya nake so.