Gayyar Dare

Babanmu ya bar hoto dubu arba'in,
shekara talatin a rumfa ɗaya, bakin Kasuwar Dole:
majema da hannu ja har gwiwa,
ƴan lakwal ranar sakamako,
da wata tsohuwa da ta ƙi murmushi
wai haƙoranta ba na gwamnati ba ne.

Na zuba su a baƙin akwati mai faifai biyu,
na aza kan kanta, gefen kwallar Inna.
Shekara shida yana gurnani kamar kyanwa,
sai kamfani ya aiko: mun daina kula da irinsa.
Kamar ka wayi gari, hatsinka na rumbu,
magini ya tafi da tsani.

Sabi'u ya kawo sabo daga Kano,
ƙwaƙwalwarsa ba ta kai farcen babban yatsa ba.
Na ɗora masa manhajar kowa da kowa,
wadda ba a taɓa sa wa kwaɗo ba.
Shiru.
Ba ta san shi ba, bai san ta ba,
baƙi biyu a tasha, kowa da yarensa.

To. Na kwance kusa huɗu.
Ga huji uku a gefen allo, kamar ƙwayar gero.
Na narka darma, na ɗaura waya,
na kasa kunne da ido.
Kwana tara yana tofar da tarkace,
haruffa kamar sawun kaji bayan yayyafi.
Dare na goma na rage masa sauri,
sai ga kalma, sarai, fara a kan baƙi.
Na yi guɗa ni kaɗai, ƙarfe uku,
har karen Gambo mai shayi ya amsa.

Daga nan sai nuna wa baƙuwa gida:
nan ce ƙofar faifai, nan ce fanka,
wannan ƙafar ta fitila ce, kar ki taka,
agogo yana lungu, lamba sittin da takwas.
Na kuskure layi ɗaya, fanka ta kwanta,
ga bazarar Damagaram,
duwatsun Birni na aman zafin rana har asuba.
Akwati ya yi zazzaɓi,
na kwana ina yi wa faifai fifita da faifai.
Wuta ta ɗauke, ta dawo,
agogo ya rantse shekarar saba'in muke,
lokacin Baba bai ma taɓa kyamara ba.

Layi tamanin da bakwai
na aika wa mutanen da ban taɓa gani ba.
Wani, can inda ruwa ke daskarewa a famfo,
ya maido: gyara nan, gyara nan, sunan nan ya yi tsawo.
Na yi fushi kwana biyu.
Da gaskiyarsa.
Sau huɗu muna kai da komo.
Mu da famfo kan yi mako bai ɗiga ba,
ai ba a koya mana darajar
wanda ya gina rijiya ya bar guga a baki.

Ran da aka karɓa, ba ganga, ba goro,
kalma biyu: an haɗa.
Can ƙasa, Tasalla Ɗan-Jimo, Zinder,
cikin sunaye dubu da harshena ba ya iya ɗauka.
Fitilar faifai na biyu har yau ja take nunawa
ko da lafiyarsa lau.
Na rubuta haka a fili.
Wani zai zo da tasa fartanya.

Inna ba ta tambayi ko ɗaya ba.
Ta ce, nemo min na ranar sunan Sabi'u,
wanda na ɗaura shuɗin kallabi.
Na nemo.
Ta daɗe tana kallo, fanka na juyawa,
sannan ta ce,
ashe kore ne.