Harshen Kara

Kwali guda, harsuna goma,
biyu kaɗai ke yarda su yi magana.
Sauran takwas sai gwangwanin madara.
Shekara ashirin da bakwai ina tara bebaye,
tun ina kofur, ina busa kilarinet a bayan mai babbar ganga.

Ran Laraba Hansatu ta kira daga Jos:
Baba, je ka tasha, ka nemi direba Yerima.
Ya miƙo mini ƙunshi, bai cika tafin hannu ba,
ya ce, kan wannan ake ta damuna da waya?

A ciki akwai gilashi mai kauri, lumui kamar ruwan randa,
samfefa iri uku, 'yar wuƙa mai baki ɗaya,
da takarda mai zanen harshe, an rarraba shi
kamar taswirar ƙananan hukumomi.
Kuɗinsa ta ƙi faɗa.
Na dai san ya haɗiye rabin buhun masara.

Na baje kaya a gindin dalbejiya.
An ɗauke wuta, injin markaɗe ya huta,
Bolari ta yi tsit.
Na jiƙa harshe ɗaya a kofin shayi,
na ɗaga shi saitin rana:
ga jijiyoyi a jere, ga baki siriri kamar ɓawon albasa,
ga wani duhu a tsakiya.
Takarda ta ce wannan ce zuciya, kada a taɓa.

A karkata dama, a busa.
A karkata hagu, a busa.
Dama ta amsa da ladabi,
hagu ta yi ƙara irin ta ƙofar langa-langa.

Shafa uku, in ji takarda. Na yi bakwai.
Ya fito da kukan ɗan agwagwa,
garin neman gira na rasa ido.
Abin da wuƙa ta ɗauka, sai dai ka gan shi a babban yatsa,
ɗan gari fari, bai isa tururuwa ta yi guzuri ba.

Na tuna marigayi Sajan Lamela,
shi da fasasshiyar kwalba yake nasa.
Yakan ce, yaro, kara bai manta fadamarsu ba,
lallaɓa shi ake yi.

Na biyu na lallaɓa. Na uku ma.
Na shida, na fara zargi:
kowanne hagunsa ke da taurin kai.
Masu yankan nan duk bahagwai ne?

Bappah ya dawo daga makaranta, ya ajiye jaka,
ya ce, Kaka, kawo in gwada.
Ya ɗauki wanda ban taɓa ba,
ya busa dama, ya busa hagu,
murya ɗaya, kamar tagwaye.
Ya dube ni, ya danne dariya,
ya nuna kumatunsa da yatsa.

Sai harshena, na nama, ya je ya leƙa
gurbin haƙora biyu da likita ya cire bara waccan.
Ashe leɓen ne ya jingina.
Na tsaya kan tuduna ina hangen na kara.

Ban mayar da wuƙa cikin ƙunshi ba.
Na ci gaba da rage hagu,
shafa uku, busa, shafa ɗaya,
har kara ya karkata daidai karkatata.
Waɗannan ba za su shiga rabon gado ba,
bakin kowa ba za su ji ba sai nawa.
Na sa musu kwanan wata da fensir a gindi.

Dab da magariba na busa taken da muke sauke tuta da shi,
a hankali, ba ganga, ba mai ba da umarni.
Mai awara ta bayan katanga ta daina juya mai.
Can aka kawo wuta, injin markaɗe ya farka,
ya haɗiye ƙarshen.

Na leƙa gwangwani.
Saura ɗari biyu da wani abu,
ga samfefa ta fara sanƙo.